Mai Kawo Mini Farkon Labari

A ƙauyenmu, can gefen Tofa, an san ni da tatsuniya tun ina amarya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Amma in an gama cin tuwo, yaran unguwa sukan taru a ƙofar ɗakina, har da iyayensu mata masu fakewa da cewa kiran yara suka zo. Haka aka yi ta yi har kaina ya yi furfura. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ban taɓa iya fara labari da kaina ba. Malam, mijina, shi ke kawo mini farkonsa.

Malam ba mai yawan magana ba ne. Manomi ne, yana da ɗan fili a wajen noman rani na Watari, in kaka ta yi kuma yakan raka buhunan wake da dawa zuwa Dawanau. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu. In ya dawo da yamma na kai masa buta, yana wanke ƙafa, ko ɗago kai ba ya yi sai ya ce, "Ke, wai wani mutum ne ya sayi jaki a kasuwa. Da ya kwance shi, sai jakin ya shige gaba, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan mutumin."

Sai in ce, "To, sai aka yi yaya?"

"Oho. Iyakar abin da na sani ke nan." Ya ɗauki hularsa ya tafi kiran salla.

Shi ke nan ya bar ni da jaki. Ina tuƙa tuwo ina tambayar kaina, yaya aka yi jakin ya san gidan? Ko a nan aka haife shi aka sace? Ko matar gidan ta san wani abu da mijinta bai sani ba? Kafin miya ta nuna na samo uwar jakin, na samo ɓarawon, na samo abin da aka binne a gindin turke. Wata rana kuma ya ce wata mata ce kullum ta hau rumbu sai ta tarar geronta ya ƙaru. Wata rana ya ce wani gari ne mutane suka wayi gari kowa da takalmin wani a ƙofar ɗakinsa. Ban san inda yake samo su ba. Wataƙila a bayan mota, wataƙila a bakin ruwa yana jiran kwalbati ya cika masa fage.

Na sha gwadawa da kaina, in ya yi tafiya. Sai in ce wani sarki yana da 'ya kyakkyawa, ko wata yarinya ta tafi ɗiban ruwa. Kafin in kai inda daɗin yake, rabin yaran suna hamma, sauran suna tsokanar juna. Nasa ba haka yake ba. Komai na cikinsa abu ne da ka sani, jaki ne, rumbu ne, takalmi ne, sai abu guda da ba ya zaune a wurinsa. Wannan abu gudan shi ke hana yaro motsi. Aikinmu kamar shuka yake, shi ya wuce gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina takawa.

Tun farko ya ja mini kunne. Ya ce, "Kada ki bari wani ya ji. Ladan guda, a ce yana ƙaga wa mata tatsuniya? Ai sai a daina amsa mini sallama." Da dariya ya faɗa, amma na riƙe maganar. Ko 'ya'yan da na haifa ban gaya wa ba.

Ranin shekarar waccan ya rasu a gonarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na yi takaba na fita. Yara suka fara dawowa, ɗaya ɗaya, suna leƙen ɗaki. Na maimaita musu tsofaffin har suka riƙa riga ni faɗar ƙarshe. Daga nan na ce tari nake yi. Da tarin ya ƙi zuwa na ce idona ne. Mata suka ce a ƙyale ni, baƙin ciki ne, zan dawo. Ni kaɗai na san ba dawowa ce ta gagara ba. Ina zaune ne da iri a hannu, babu mai sara mini rami.

Ana haka aka turo jikata, 'yar babban ɗana, wadda ke karatun malanta a birni. Kwalejinsu ta tura ta wata sakandaren 'yan mata da ke kan hanyar Tofa ta gwada koyarwa, sai ta sauka a wajena. Wata rana da la'asar ta dawo ta zube littattafai a tabarma tana tsaki.

Na ce, "Wa ya taɓa mana malama?"

Ta ce, "Yaran nan ne. Na ce kowacce ta rubuto labari, duk abu ɗaya suka fara da shi. A wani gari akwai wata yarinya kyakkyawa. Tsohuwa, 'yan mata kyawawan nan sun ishe ni. Kafin in kai layi na uku barci nake ji."

"To ki duke su mana."

"An hana. Ke zan kai musu. Jibi za ki je ki nuna musu yadda ake buɗe labari."

Na ce, "Ja'ira, da rana tsaka? Ba ki san mai tatsuniya da rana ɓata yake yi ba?"

"A daidaita-sahu za mu je, a ciki za ki dawo. In kin ɓata ni zan nemo ki, ai ba ki da gudu."

Na ce to zan yi musu na jakin. Ta girgiza kai. Ta ce da yawa daga cikin 'yan ajin a ƙofar ɗakina suka girma, sun san jakin, sun san rumbun, sun san takalman. Sabo take so, wanda za su ji a jikinsu yadda farkon labari ke kama mutum. Ta ƙara da cewa ta riga ta gaya wa babbar malamar da ke kula da ita cewa duk ƙasar nan babu kamar kakarta.

A nan ya kamata in ce ba zan iya ba. Amma in na faɗa, sai ta tambayi dalili, kuma yarinyar nan ba ta karɓar tari ko ciwon ido. Dalilin kuwa na Malam ne, shi ya ce kada a ji, ga shi ba ya nan balle in nemi izini. Sai na yi shiru. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin na yarda, ta tashi tana waƙa ta je hura wuta.

Washegari na wuni ina neman farkon labari. Na zauna a zaure ina kallon hanya. Na ga akuya, akuya ce kawai. Na ga mai tallan yalo, yalo yake sayarwa. Na leƙa rumbu, geron yana nan yadda na bar shi. Na yi ta juya abubuwa a raina, kowanne ya ƙi ya kauce daga wurinsa. Na kwanta da niyyar cewa da safe zan ce zazzaɓi ya kama ni, sai na tashi na tarar ta goge mini mayafi ta ajiye a bakin gado.

Ban taɓa shiga aji ba sai ranar. Ɗaki ne dogo, 'yan mata cike da bencina cikin fararen hijabai. Suka miƙe gaba ɗaya suka ce, "Sannu da zuwa, Inna." Aka ba ni kujera a gaban allo. Babbar malamar, wata dattijuwa mai tabarau, ta zauna can baya. Jikata ta yi musu bayani, ta ce su saurara da kyau, ba ga labarin kawai ba, ga maganar farko da za ta fito daga bakina. Na hango fuskokin da na sani, 'ya'yan maƙwabta da na goya, suna yi mini murmushi.

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Suka amsa da ƙarfi, har da dariya, "Ta zo mu ji ta."

Sai babu komai. Na gyara mayafi. Na yi gyaran murya. Ina jin wani aji can yana bin malami karatu, ina jin awaki a bayan taga. Wata ta yi ƙaramar dariya, ta kusa da ita ta zungure ta. Na dubi jikata, tana tsaye da alli a hannu, murmushinta ya fara bushewa. Tausayinta ya kama ni, na ce a raina ko mene ne in dai faɗa. Sai na ji bakina yana magana.

"Wani mutum ne zai tafi gona da sassafe, matarsa ta miƙo masa koko. Ya karɓi ƙwaryar, ya duba, ya mayar mata. Ya ce, rufe mini shi, yanzu zan dawo, akwai abin da zan gaya miki. Tun da ya aure ta kuwa bai taɓa fita bai sha kokonsa ba."

Wadda ta yi dariyar ta ɗora haɓa a kan hannu. Na bayan suka miƙo wuya. Duk tsawon shekarun da na yi ina tatsuniya ban taɓa ganin ido ya tsaya a kaina haka ba. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Inna, me zai gaya mata?" Wata ta ce, "Me ya hana shi sha?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Safiyar da Malam ya rasu na ɗauko na ajiye a gabansu. Maganarsa ce ta ƙarshe gare ni, ban ƙara ko kalma ba. Sauran labarin kuwa ba shi da tsawo. Kafin azahar aka kawo shi a amalanke, an lulluɓe shi da rigarsa. Ƙwaryar tana nan a rufe da faifai. Abin da zai gaya mini, har yau ban sani ba.

Na buɗe baki in ƙaga musu wani abu, kuka ya riga ni. Ba hawayen da ake sharewa da gefen mayafi ba, kuka mai sauti, irin wanda ko ranar da aka kawo shi ban yi ba, don ranar mata sun kewaye ni suna cewa in yi haƙuri, in yi masa addu'a. Na ji wata daga 'yan unguwarmu ta raɗa wa ta kusa da ita, "Ladan ne." Raɗar ta bi bencina har baya.

A wurinmu mace ba ta nuna ta yi kewar miji. Ko sunansa ba ta kamawa. In an ambace shi sai ta ce Allah ya jiƙansa, ta kawo wata magana. Ga ni tsohuwa mai jikoki, a gaban 'yan matan da ko aure ba su yi ba, ina rusa kuka a kan miji kamar amaryar bara. Babbar malamar ta taso ta kama hannuna ta fitar da ni. Ta ba ni ruwa, tana ta cewa, "Inna, a yi haƙuri, mu ne da laifi." Hakan ya fi ƙona ni, don ba su da laifin komai. Ta tsayar mini da abin hawa. Duk hanya fuskata a rufe take.

Maganar ba ta kwana ba ta zaga unguwa. Maƙwabciyata, wadda muka yi zaman aure a unguwa ɗaya tun muna yara, ta shigo da sallama ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ashe haka kike son Ladan? Mu da muke zaton haƙuri kike yi da shi, mutum sai ya wuni bai ce uffan ba."

Na ce, "Ki bar ni da abin da ke damuna."

"Na bar ki. Amma da kin gaya mini za ki, da na raka ki, in kin fara ni ma in kama nawa. Sai mu tashi makarantar gaba ɗaya."

Wasa take yi, don ta sauƙaƙa mini. Ban iya dariyar ba. Na daina fita. Aka yi suna a gidan da ke bayanmu, na aika da gudummawa na ce ƙafata ce. In na ji muryar 'yan makaranta suna wucewa sai in shige ɗaki.

Jikata ba ta tayar da maganar ba sai bayan kwanaki. Ta dawo da littattafan nan, ta zauna kusa da ni, ta ce bayan fitata ta rasa yadda za ta yi da ajin, sai ta ce kowacce ta ƙarasa labarin da kanta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kakan naki kika ba yara su yi wasa da shi?"

Ta ce, "Ke kika ba su, tsohuwa. Ni tattarowa kawai na yi." Sannan ta ce, "Ki yafe mini. Ban san abin zai zo da haka ba. Me ya sa ba ki ce mini ba za ki iya ba?"

Sai na gaya mata. Na nemi gafarar Malam a zuciyata, na gaya mata wanda ke kawo jakin da rumbun da takalman. Ta saki baki tana kallona.

"Kakana? Ladan? Wanda yake korarmu daga zaure in muna surutu?"

"Shi."

Ta yi dariya har ta kwanta, daga nan dariyar ta koma hawaye. Da ta share fuska ta ce ko in so ko in ƙi sai ta karanta mini. Na juya mata baya, amma ban tashi ba.

Wata ta rubuta cewa mutumin mafarki ya yi, ya je gona ya duba ko gaskiya ne, ya tarar da jariri a tsakanin kunyoyin gonar yana wasa da ganyen albasa. Wata ta ce kujerar Makka ya samar wa matar, yana so ya tabbatar kafin ya faɗa. Wata kuma ta ce ƙuda ne ya faɗa cikin kokon, shi kuma mutum ne mai kawaici, ya je gona yana tunanin yadda zai gaya mata ba tare da ta ji kunya ba. Wannan ya sa ni dariya ban shirya ba, don da shi ne, zai aikata. Kusan a duka labaran mutumin ya dawo. Ya zauna, an ɗumama masa kokon, ya sha.

Na ƙarshe na yarinyar nan ne da ta ce Ladan ne. Ita tana nan ranar da aka kawo shi, ta ga amalanken da idonta. A nata labarin ma a amalanke aka kawo mutumin, amma a zaune, targaɗe ya yi, yana ta yi wa mai shanun faɗa wai ya bi a hankali. Matar ta fito da gudu, ya ce mata, ina kokona?

Na ce wa jikata ta sake karanta wannan. Ta sake. Na ce ta ƙara. Ina jin kunyar kaina ina roƙo, tsohuwa tana neman 'yar yarinya ta dawo mata da miji a takarda, amma na roƙa.

Jikata ta ce tun da ta zo makarantar ba su taɓa rubutu mai kyau irin wannan ba. Ta ce, "Kin gani? Ke ma kin iya."

Na ce, "Ba nawa ba ne. Wannan ma shi ya faɗa, ni ɗauka kawai na yi."

Ba ta musa ba, don gaskiya ce.

Sai da aka fara ɓarar gyaɗa na fita. Maƙwabciyata ta aiko cewa in ban zo ba za ta kwaso matan da buhunan su zo su cika mini tsakar gida da ɓawo. Na yafa mayafi na fito. Ina bakin zaure wani ya wuce a babur, da ƙofar ɗaki ɗaure a bayansa, shuɗiya, kwaɗonta yana lilo a kulle. Na bi shi da kallo har ya sha kwana. Na isa gidan, na gaisa da mutane kaina a ƙasa, na ja faranti. Babu wadda ta yi mini maganar makaranta. Muna cikin ɓara, ƙofar nan ta ƙi fita daga raina.

Ban ɗaga kai ba na ce, "Wai wani mutum ne ya bar garinsu, bai ɗauki komai ba sai ƙofar ɗakinsa. Ya ɗaure ta a baya, da kwaɗonta a kulle."

Maƙwabciyata ta ce, "Ai yaron kafinta ne, gyara zai kai. Ni ma na gan shi."

Aka yi dariya. Na ji kamar in nutse, na ce a raina shi ke nan, na ƙara wata kunyar a kan ta da. Sai surukar maƙwabciyar tawa, wata yarinya mai jego da ba ta cika magana a gabanmu ba, ta tsaya da ɓarar. Ta ce, "To Inna, makullin yana wajen wa?"

Ban sani ba sai da na faɗa. Na ce yana wuyan uwarsa, ita kuma ta rantse ba za ta bar garin ba. Daga nan na bi labarin a hankali. Bai yi tsawo ba, tsakiyarsa ta yi sako-sako, sau biyu ina komawa baya in gyara. Amma hannuwa sun rage sauri, kuma babu wadda ta tashi sai da na kai ƙarshe. Maƙwabciyata ta ce, "To, ba laifi," ta turo mini wata gyaɗar.

Da na koma gida na shiga ɗaki na saki labule. Na so a ce akwai wanda zan gaya wa cewa wannan ni na tsinto shi da kaina, a bakin zaure. Na yi kukana a hankali, yadda ko jikata da ke tsakar gida ba ta ji ba, sannan na fito na yi alwala.